Ni Ke Jan Baƙi, Shi Ke Fassara

Littafin nawa ne. Da wannan zan fara, domin har yau a Faskari in ka sami tsohon da ya zauna da mu a gindin cediyar nan ta bakin kasuwa, ka tambaye shi, zai ce maka littafin abokina ne. Ba nasa ba ne. Ni na saye shi a tashar Funtuwa, wurin wani mutum mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan buhu, ranar da na je neman tayar babur.

Lokacin kuɗin fetur ne, makarantun firamare na ta tsirowa a kowane ƙauye, mu kuma malamai albashi ya ɗaga mu sama. Kowa ya sayi babur da rediyo mai kaset, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ke share hanya. Ni abin da na ƙara a kan na kowa shi ne karatun littattafan Turanci, kuma ina ji da wannan fiye da yadda nake ji da babur ɗin.

Wannan littafin kuwa ya fi duk sauran shiga raina. Rabin bangonsa ya yage, takardun sun yi ja. Labarin wani mai ɗinkin tsofaffin littattafai ne a wata ƙasar Turai. Aka kawo masa wani littafin coci ya gyara, da ya farke bangon sai ga wata takardar fata a ɓoye, wai wasiƙa ce da ɗaya daga cikin sahabban Annabi Isa ya rubuta da hannunsa. Ashe akwai wata ƙungiyar asiri da ta yi ɗaruruwan shekaru tana neman wasiƙar, duk wanda ya taɓa ta sai an ga bayansa. Suka sako masa wani ɗingisasshe mai baƙin zobe, yana bin sa gari gari, daga coci zuwa coci, shi kuma yana gudu yana neman wanda zai iya karanta tsohon harshen da aka yi rubutun da shi. Sau uku na karanta shi, kuma kowane karo sai tuwona ya huce a kwano.

Abokin nawa tare muka yi kwalejin horon malamai, aka kuma turo mu makaranta ɗaya. Ɗan wani malami ne daga Damari, a gindin karatu ya tashi. Turancinsa kuwa, sai dai a rufa wa juna asiri. Ni nake rubuta masa takarda in zai nemi wani abu a ofishin ilimi. Amma Allah ya ba shi baki, in yana ba ka labarin yadda akuya ta shiga gona sai ka manta inda za ka.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a rumfar tela da ke gindin cediyar, ina jiran ɗinki, kaina a cikin littafin. Telan ya ce, “Malam, mi ke cikin takardar nan ne da ko gaisuwa ba ka amsawa?” Na rufe littafin na fara ba shi labari. Ban yi nisa ba ya koma kan kekensa yana taka shi, yana “to, to” irin na wanda ya daina ji. Sai abokina ya ce, “Karanto da Turancin, a hankali, in ji.”

Na karanta layi uku. Abin da aka rubuta kawai shi ne mai zoben ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa. Abokina ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

“Sai ya turo ƙofa da kafaɗa, jama'a, ba sallama. To wanda ya shigo maka ɗaki ba sallama, ya mai da ƙofa ya rufe, alheri ya kawo?”

Keken ɗinki ya tsaya. Mai gyaran keke da ke gefe ya ajiye famfo ya ce, “Ina fa alheri.”

Kafin mako biyu, in an sallame la'asar sai ka ga mutane na nufo cediyar. Tela ya fito wa abokina da kujerarsa ta katako mai jingina, ni kuma ina kan benci a ƙasa da shi, littafi a cinya. Tela ne ya sa wa abin suna, cikin raha ya ce tafsirin Turawa, ni kuma mai jan baƙi. Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsiri ya san tsarin, ɗaya ya jawo aya, malam ya fassara. Can dai ana yaba muryar mai jan baƙin. Ni ko wannan ban samu ba, don ba mai jin abin da nake faɗa, jira kawai suke in yi shiru. In mahauci ya aiko da tsire, gaban kujera ake ajiyewa, goro ma haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, rabin abin da yake faɗa babu shi a littafin. Kalma biyu ko uku yake cafkewa, sauran ya cike daga kansa. Jirgin ƙasa ya mai da shi babbar mota, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya zama rumbu, ya ba mai ɗinkin littafi mata da 'ya'ya huɗu waɗanda marubucin bai san da su ba. Ran nan na kasa haƙuri na ce, “Ba haka aka ce ba.” Tela ya dube ni ya ce, “Haba Malam, a ina ka taɓa ganin mai jan baƙi ya gyara wa mai fassara? Ja muna baƙi kawai.” Aka yi dariya, har da ni, amma dariyar tawa iyakarta haƙora.

Akwai malamin asibitin garin, Kirista ne daga kudancin Zariya, mutum mai sauƙin kai. Da farko yakan zo ya zauna, yana dariya yana cewa ko ɗaya daga cikin wannan babu a littafinsu, amma a ci gaba. Da labari ya yi nisa sai mutane suka fara tsokanarsa, wai ya faɗi inda suka ɓoye wasiƙar. Ya yi dariya rana ta farko da ta biyu, daga nan bai sake zuwa ba. Na lura, amma gaskiya bai dame ni ba a lokacin.

Sau biyu abokina ya roƙi in ara masa littafin ya kai gida ya duba ƙarshen. Na ce tsoho ne, zai warwatse. Ƙarya nake. Na san ranar da ya san ƙarshen labarin, ya gama da ni.

Abin da ya kai ni bango, wani direba ne daga Sheme da ya tsaya da motarsa ranar kasuwa yana tambaya, “Ina malamin nan mai littafin coci?” Littafin na hannuna, yana kallonsa. Ya tsallake ƙafata ya miƙa wa abokina hannu biyu. Hassada na ji, ba wani suna da zan ba ta, kuma na tafi da ita gida na ci abinci da ita.

Ranar Asabar da hantsi na tafi zauren Liman. Tsoho ne mai magana ƙasa ƙasa, wanda ya yi karatu tare da mahaifin abokina. Na tuɓe takalmi, na gaishe shi har gaisuwa ta ƙare. Sannan na ce, “Allah gafarta Malam, wani abu ne ke damuna.” Na gaya masa ɗan malami guda ya hau kujera a bakin kasuwa yana fassara littafin coci, har ana kiran abin tafsiri. Na ƙara da zancen malamin asibiti, na yi fuskar mai tausayi. Wanda ke karanto Turancin kam ban ambace shi ba. Abin da nake so kawai a sauke shi daga kujerar, ni in koma gida da littafina. Liman ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, “Na ji. Allah ya yi albarka.”

Washegari bayan azahar sai ga abokina a ƙofar gidana. Ya ce, “Liman na kirana, ya ce in zo da littafin. Ba ni, kai ka zauna, ni zan je.” Na ce a'a, mu je tare. Ba don zumunci ba, ban iya ganin littafin a hannunsa ne.

Muka durƙusa a zauren. Liman ya karɓi littafin ya juya shi, ya ce, “Na wane ne?”

Abokina ya ce, “Nawa ne, Allah gafarta Malam.”

Rufa mini asiri yake, yaro ma ya san haka. Amma wata biyu ina jin ana cewa littafinsa, yau kuma ga shi da bakinsa. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga shi.

“Nawa ne. Ni na saye shi a Funtuwa.”

Liman ya ɗago ya dube ni. “Ashe. Jiya da ka zo ba ka faɗi wannan ba.”

Abokina ya juyo ya kalle ni, ya mai da kansa ƙasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Liman ya tambaye ni ko akwai sunan Annabi Isa a ciki. Na ce akwai. Na mahaifiyarsa fa? Akwai. Abin da aka faɗa a kansu, ya faru ko ƙirƙira ce? Na ce ƙirƙira ce, labari ne kawai na nishaɗi. Ya ce to ba a ƙara karanta shi, domin Annabi Isa annabinmu ne, ba a jingina masa ƙage don a ji daɗin hira, kuma ga shi mun kori maƙwabci daga inuwar da ta kowa ce. Ba kuma za a yar da shi a juji ba, ko ya faɗa hannun mai ƙosai ta ƙunsa da shi, tunda da sunan annabi a ciki. Yadda ake yi da tsofaffin takardun karatu da suka lalace haka za a yi da shi, a naɗe a binne a wuri mai tsarki. Ya ce wa abokina ya sauka daga kujerar nan, ya je ya ba malamin asibiti haƙuri. Ni kuma ya nuna mini fartanya a jingine da bango, ya ce mai abu shi ke binne abinsa.

A bayan masallaci na haƙa ramin, ƙasar ta yi tauri. Abokina ne ya je wurin tela ya karɓo ƙyallen farin yadi, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na naɗe littafin, na sa, na mai da ƙasa. Saura babi uku mu gama.

Majalisar ba ta watse ba. Abokina ya sauko kan benci, ya ci gaba da ba su labaran maharban Damari daga kansa, malamin asibiti ma ya dawo. Ni ne dai ba a da bukata. Nakan wuce a kan babur in ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya faru a zauren ba. Bayan shekara biyu aka mai da shi wata makaranta a garin Sabuwa. Na nemi littafin a Funtuwa, na nema a Zariya da Kano, ban sake ganinsa ba.

Sai da muka yi furfura muka sake zama kusa da juna, wurin ɗaurin auren ɗan wani tsohon abokin aikinmu a Ƙanƙara. Muna kan tabarma ana jiran dangin amarya. Muka tambayi iyali, muka lissafa waɗanda suka rasu. Can ya matso ya ce, “Mutumina, don Allah, mi ke cikin wasiƙar nan?”

Na gaya masa. A ƙarshe mai ɗinkin littafin ya sami wani tsohon limamin coci a kan dutse wanda ya iya harshen. Da aka karanta, ba wani asiri a ciki. Mutum ne ya rubuta wa mahaifiyarsa yana gaishe ta, yana cewa sanyi ya yi yawa inda yake, ta aiko masa da mayafinsa. Duk waɗanda suka yi ta kisa a kanta, ba wanda ya taɓa karanta ta.

Ya ƙura wa tabarma ido, har na fara jin daɗi, yau dai ni na ba shi labari. Sai ya girgiza kai ya ce, “Ai ba haka za ka faɗe shi ba.” Ya gyara zama, ya yi gyaran muryar nan, ya dubi dattawan da ke kusa. “Jama'a, akwai wani mutum da ya yi nisa da gida, sanyi ya kama shi, ya tuna da uwarsa.”

Kawuna suka juyo. Abin nan da na zaci na binne tare da littafin a bayan masallaci ya taso mini, sabo fil, kamar jiya direban Sheme ya tsallake ƙafata. Wani dattijo da ke bayana ya taɓa kafaɗata ya ce, “Malam, ɗan matsa, ka tare mini shi.”

Na matsa.