Hannun da Ya Kama Bakin Jirgi

Shekara shida na yi ina riƙe da shagon gem, wato wasan bidiyo, a Illo, kuma cikin duk waɗanda suka goge mini benci da wando babu wanda ya ɗaure mini kai kamar Namadi. Basarke ne, ɗan masunta, saura kaɗan a haife shi cikin jirgi. Ubansa ne ke fito da 'yan kasuwa daga ƙetaren gulbin Kwara, da ya rasu kuma Namadi ya gaji jirgin yana ɗan shekara ashirin da uku. Dogo ne, kafaɗunsa kamar ƙyauren zaure, magana kuwa sai ka roƙa.

Abin da duk gari ya sani game da shi ɗaya ne. Wata ranar kasuwa da damina iska ta taso masa a tsakiyar gulbi, jirgin ya sha ruwa ya karkace, wasu suka faɗa. Namadi ya tsamo mutum bakwai da hannunsa, ya kawo jirgin gaɓa da mata da yara a ciki. Mutum ɗaya aka rasa, Abu, ɗan Inna Mariyamu mai bandar kifi. Har a masallaci sai da aka sa wa Namadi albarka. Shi kuwa ya kife jirgin a kan yashi, ya jingine filafili, bai ƙara taka ruwa ba. Shekara biyu cur jirgin yana kwance awaki na hawa, har ƙanen ubansa, Baba Arzika, ya gaji. Ya rantse a gaban dangi cewa in kasuwar Illo mai zuwa ta ci Namadi bai tura jirgin ruwa ba, zai sayar wa wani mutumin Kurgu da ya daɗe yana nema. Jirgin nan shi kaɗai ne abin da uban ya bari.

A cikin shekara biyun nan wurin zaman Namadi shagona ne. Lokacin 'yan hisba sun gindaya mini sharuɗɗa: ƙofa a buɗe, babu labule, babu caca, babu 'yan makaranta, kuma da an kira salla a kashe janareta ko da mutum na bakin cin wasa. Ban taɓa karyawa ba, don ina son shagona. Saboda haka gem ɗin ban tsoro da aka yi don duhu, mu da rana tsaka muke buga shi, masu talla na wucewa. Duk da haka na ga ƙato mai gemu ya zabura ya taka mini waya.

Faifan daga Malanbil ta ƙasar Benin na samo shi, rubutun jikinsa duk Faransanci, babu mai karantawa, sai samari suka raɗa masa Fatalwa. A cikinsa kai ne a wani tsohon asibiti na ƙarƙashin ƙasa. Ba ka ganin fuskarka, sai hannunka da bindiga da 'yar tocila mai mutuwa a daidai lokacin da ka fi bukatarta. Harsashi ba ya wuce takwas. Matattun da ke yawo a ciki ba ka ganinsu tukuna, numfashinsu kake fara ji a bayan ƙofa. Samari kan zazzage harsashinsu a bango su mutu a ɗaki na biyu. Namadi kuwa sai ya karkata kai yana saurare, kamar yadda masunci ke sauraren ruwa, harbi ɗaya gawa ɗaya. Sau biyar ya kai ƙarshensa, bai taɓa murmushi ba.

Sai kashi na biyu na gem ɗin ya fito. Ranar da na kawo shi na gwada ni kaɗai da hantsi, kuma raina ya ɓaci. Hoto ya fi kyau, na yarda. Amma bindigogi kala-kala, harsashi kamar gyaɗa a kaka, kiɗa na tashi kafin dodo ya fito sai ka ce sanarwar biki. Ina tsaki ina wucewa har na kai mataki na huɗu, a nan na tsaya cak. Gari ne ruwa ya cinye, kai kana cikin jirgi kana ratsawa, matattu na tasowa daga ƙasa suna kama bakin jirgin. In suka taru gefe ɗaya jirgin ya kife. Harbi ba ya hana su. Sai ka buge hannun da gindin bindiga.

Na san wanda bai kamata ya ga wannan ba. Don haka na tsara abina: da safe samari su buga na biyu, da Namadi ya doso bayan azahar in zare faifan in mayar da na ɗaya. Mako uku abin yana tafiya lafiya, da bakina bai ja mini ba.

Gardama ce ta kaure, ana gobe kasuwa. Samari sun ce na biyu ya fi ban tsoro, ni na ce wanda ya ji tsoron na biyu zai ji tsoron tinkiya. Na ce na ɗaya a kunne yake kama ka, na biyu hayaniya ce kawai ta masu kuɗin harsashi. Muna cikin haka Namadi ya shigo ya zauna a wurinsa.

"Ga alƙali ya zo," in ji wani ɗan acaba. "Bunyaminu, in kana da gaskiya sa mai na biyu shi raba mu."

"Akwai na biyu?" Namadi ya tambaye ni.

Da na ce faifan ya lalace, da shi ke nan. Amma idon mutum goma na kaina, ni kuma ba na son a ce na gudu. Na dubi agogon bango, saura minti hamsin a kira la'asar. Ni sai da na yi awa biyu kafin in kai ruwan. Na ce a raina ladan zai cece ni, na sa faifan.

Na manta da wa nake yi. Mataki na ɗaya Namadi ya wuce shi a minti tara, ko bindiga bai canza ba. "Wanga ba ya da tsoro," ya ce, samari suka yi ihu, ni kuma maimakon in ji daɗin an ba ni gaskiya sai gumi ya karyo mini. Mataki na biyu minti goma sha ɗaya. Na fita na leƙa wajen masallaci, ladan na zaune a inuwa yana yanke farce. Na dawo na ce janareta na ɗaukar zafi, a huta. Suka ce ƙarya nake, jiya na zuba mai. Na yi tunanin in taka waya kamar bisa kuskure, sai na ga ɗan acaban ya zauna a kanta.

Yana tsakiyar na uku inuwa ta rufe ƙofa. Baba Arzika ne, da sandarsa, bai taɓa tako shagona ba sai ranar.

"Nan kaka zama kenan," ya ce. "Ɗiyan mutane na gulbi, kai kana harbin aljannun bature. Gobe kasuwa, Namadi. Mutumin Kurgu na tahe da sahe."

"Na jiya, Baba," in ji Namadi, bai juyo ba.

Tsohon bai tafi ba. Ya dogara da ƙofa yana kallo, baki a taɓe. Saura minti goma sha huɗu allon ya yi duhu, ya sake haske, sai ga ruwa. Ruwa ja mai laka, irin na damina sak, da rufin gidaje a nutse, da goshin jirgi yana lilo. Na ga wuyan Namadi ya sandare.

"A bari nan," na ce. "Gobe a ƙarasa."

"Bar shi," in ji Namadi a hankali. "Wanda yay yi wanga ya taɓa shiga jirgi."

Ya tuƙa. Hannu na farko ya fito ya kama bakin jirgin ta dama, fari fat, yatsu a kumbure. Namadi bai yi komai ba. Na biyu ya kama kusa da shi, jirgin ya karkata, na uku ya zo, ruwa ya rufe allon. Gem ya mayar da shi farkon matakin. Samari suka hau sowa, yau sun ga gwani ya mutu.

"Buge hannun! Ba a harbi, bugewa aka yi! Danna na ƙasa!"

Ya sake tuƙawa. Hannun ya sake fitowa a wurinsa na ɗazu. Ina kallon babban yatsan Namadi a kan maɓallin, ina addu'ar ladan ya tashi. Jirgin ya fara karkata, samari na ihu a kunnensa, sai ya danna. Gindin bindiga ya sauka a kan yatsun da wata ƙara, ƙwas, hannun ya saki ya nutse.

Namadi ya ajiye abin bugawar a ƙasa kamar mai ajiye ƙwai.

"Haka yay yi ƙara," ya ce.

"Mi?" in ji Baba Arzika.

"Hannun Abu. Gehen da ruwa ka shiga yak kama. Nac ce mai shi saki shi zagaya baya, sau ukku ina hwaɗi, bai jiya ba, tsoro ya kama shi. Mata goma sha ɗaya cikin jirgi da ɗiyansu. Nid ɗauki hilahili nib buge mai hannu. Ina ganin idonai sadda yat tahi."

A daidai nan ladan ya ɗaga murya. Na kashe janareta. A shekarun nan ba a wasa da maganar rai. Kowa a shagon ya san in magana ta kai gaban alƙali ba mai cewa ga inda za ta tsaya, kuma mutum goma sun ji. Baba Arzika ya shigo ya damƙi kafaɗar Namadi.

"Yi shiru, kai! Zahin rana na. Babu wanda yaj ji komi nan, ko kun jiya?"

Samari suka sunkuyar da kai.

"Ni na jiya, Baba," in ji Namadi. "Kullum ina ji."

Bayan an sallame bai koma gida ba, ya miƙi hanyar gidan Inna Mariyamu. Baba Arzika na binsa yana roƙo, ni ina bin su biyun, don ni na sa faifan, kuma kunya ta hana ni komawa shago. Mun same ta a bakin banda tana juya kifi, hayaƙi ya sa idonta ja. Namadi ya durƙusa a ƙasa ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai kuma kawo maganar mutum bakwai da ya tsamo ba. Ta bar shi ya gama. Ta juya kifi uku kafin ta yi magana.

"Atika na cikin jirgin nan da goyonta," ta ce. Atika 'yarta ce, ƙanwar marigayin. "Gabanta anka yi. Tun ran nan tah hwaɗa mini."

Namadi ya ɗago kai.

"Shekara biyu ina ganin ka kana wuce ƙohwata kana sauya hanya. Da ƙara nika so, da na kai tuni. Jira nikai ka zo da ƙahwarka."

"Inna, ki yahe mini."

"Ban ce ba tukuna." Ta goge ido da bakin zane, ban sani ba ko hayaƙi ne. "Ba a ga gawar ɗana ba. Ba ni da kushewar da za ni tsaya in yi mai addu'a. Kai ɗai kas san wurin. Gobe ka kai ni."

Da safe rabin Illo na bakin gulbi, har da mutumin Kurgu da ya zo ɗaukar jirgi ya tarar ana toshe masa tsaga da tsumma da kwalta. Babu wanda ya yi maganar alƙali, ranar ko bayanta. Samarin shagona ne suka tura jirgin, kuma ban ji wanda ya ƙara tayar da gardamar na ɗaya da na biyu ba. Namadi ya tsaya ruwa iya gwiwa, fuskarsa kamar ta marar lafiya, sai da Baba Arzika ya miƙa masa filafili sau biyu kafin ya karɓa.

Inna Mariyamu ta ƙi kowa ya raka ta. Ta shiga ta wuce tsakiya inda tsofaffi ke zama, ta zauna ta gefen dama, ta ɗora hannunta a bakin jirgin, yatsu huɗu a waje suna taɓa ruwa. Namadi ya dubi hannun, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kafa filafili ya tura, har suka yi nisan da ba na rarrabe fuska hannun yana nan inda ta ajiye shi.