Mai Shanya a Tsohon Filin Jirgi

A bayan wani ƙauye kan hanyar Mashi akwai fegin da har yau ake kira filin jirgi, ko da yake rabonsa da jirgi tun yaƙin Hitila. Yanzu an yanka shi fuloti-fuloti, Harisu magini ya zo haƙa harsashin gida. Sai dai duk saran da ya kai, digar tsalle take yi.

Kusa da shi wata tsohuwa da bai sani ba tana shanyar kuɓewa a tsurar ƙasa, ba tabarma. 'Yar ƙanƙanuwa ce, bayanta ya ranƙwafa, zanenta ya koɗe, takalmanta kuwa ta tuɓe su can gefe kamar mai shiga gidan surukai. Kafin ta baza kuɓewa sai ta shafa wurin da tafin hannu.

"Iya, wannan ƙasa ce ko dutse?"

"Daɓe ne, ɗana. Da Turawa suka ce jiragen soja za su sauka, matan ƙauyukan nan aka tara da madaɓai. An ce ina goye innata ta yi nata."

Harisu ya dubi hannuwanta. Wataƙila ba ta ma tashi ta ga uwar ba, wataƙila daɓen nan ne kaɗai gadon da ta bar mata.

Ta tattara kuɓewarta ta ba shi wuri, ta sake shafa ƙasar.

"Kada ka kashe kanka da sara. Zuba masa ruwa ya kwana, da safe zai ba ka hanya."