Ragar Kumandan

Jiya na ga yara da ƙwallo a ƙofar lakwal, makarantar boko, sai na tuna kawuna. Ba ya karɓar abin Nasara sai ya sansana shi.

Shekarar da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya sa aka ɗaura raga tsakanin itace biyu a bariki, gardi, dogarinsa, ya bi gari yana kiran samari wasan ƙwallo. Da hannu ake bugawa, taɓi uku a tsallakar, kada ya faɗi ƙasa. Wai yana ƙara lafiya. Na fi kowa tsawo, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Kawu ya ɗauki ƙwallon ya kai hanci, ya daɗe.

"Fata ce kawai," ya ce. "Amma dubi kumandan, ɗana. Ƙafafunku yake kallo, yadda nake kallon raƙumi a kasuwa."

Ya danne kafaɗata da hannunsa mai warin taba. "In ka shiga, yi ɗingishi."

Na yi ɗingishi, aka yi mini dariya, aka kore ni. Bayan girbi aka ɗebi masu tsallen nan na wasan soja. Ba duka suka dawo ba.

Ni na tsufa a gonata. Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya sanyaya makwancinka.