Malam Iliyasu da Shafukan da Ya Yage

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina bakin titi a unguwar Nasarawa Gwom da ke Jos, ina zazzaga wa wani mai keke masifa don ya watsa min taɓo, sai ƙanwata Hauwa ta kira ni a waya: "Yaya, Malam Iliyasu ya rasu." Zagin ya maƙale min a wuya. Har a mutuwarsa Malam bai fasa katse min magana ba.

Maƙwabcinmu ne, tsohon hedimasta. Ban taɓa zama ajinsa ba, don da wuri na bar makaranta. Karatuna na tsofaffin jaridu ne da allunan talla. Hauwa ce ta haɗa mu, shekarar da za ta rubuta jarrabawar shiga kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya. Babanmu ya ce gwaji ɗaya zai ba ta: in ta faɗi, ta zauna a kan keken ɗinkin Inna.

Na sayo mata littafin tsofaffin tambayoyi, sabo dal, da amsoshinsa a baya. Na kai wa Malam ya sa albarka. Ya jujjuya shi, ya kama shafukan amsoshin ya yage, ya miƙa wa Maman Nanret mai ƙosai da ke ƙofar gidansa.

Na ce, "Malam! Littafin nan fa ba a bola na tsinto shi ba!"

Ya ce, "Ranar jarrabawa za ka bi ta ciki da shafin baya ne? Zauna kai da Hauwa ku nemo amsar tare."

Ban zauna ba. Kullum da safe ina wajen Maman Nanret, ko Allah zai sa a ƙunshe min ƙosai da amsar lissafi. Na ci ƙosai har na fara ganinsa a mafarki. Rannan ta dube ni ta ce, "Ɗana, ƙosai kake so ko takarda? In takarda ne, tun ranar na hura wuta da shi."

Dole na koma wajen Malam na zauna. Haka na koyi raba lamba da gemuna. Malam ya riƙa zaunar da mu a waje da sassafe, haƙoranmu na haɗuwa, wai don hannun Hauwa ya saba riƙe fensir cikin sanyin Jos. Bai taɓa ce mana daidai ko kuskure ba. Duk amsar da muka kawo, sai ya ce, "Kun tabbata?" Na taɓa ce masa, "Malam, yanzu ko sunana ka tambaye ni, ban tabbata ba." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Hauwa ta ci. Na ruga na sanar da shi ina haki, ya ɗago ya ce, "Ka tabbata?"

Bayan sadakar uku, Hajiya matarsa ta turo min jikansu Sadiku da sabon littafi, shi ma bana zai rubuta jarrabawa. Na buɗe bayan littafin na yage shafukan amsoshin. Yaron ya kurma ihu, "Yaya, sabo ne fa!" Na ce masa, "Zauna mu nemo amsar tare."

Allah ya jiƙan Malam Iliyasu, ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa amsa tambayar da ba ta da shafin baya. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Amin.