Da Ƙafarsa Ya Tafi

Ina tankaɗe garin dawa a tsakar gida mutumin lajna, wato kwamitin unguwa, ya yi sallama. Ya ce ƙanina ya rasu a wurin yaƙi. Kafin in ajiye rariya ya ƙara da cewa mu yi alfahari, don da ƙafarsa ya tafi, ba wanda ya tilasta masa.

Inna na zaune a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da ƙafarsa? Bai zo ya yi mini sallama ba?"

A gidanmu ko garin Ƙala'at an-Nahal mutum zai je, sai ya durƙusa Inna ta dafa kansa. Ƙanina bai taɓa tsallake wannan ba. Da zai tafi yankan riɗi a Simsim ya durƙusa. Tafiya yaƙi ce kaɗai aka ce ya manta. Inna ta riƙe abin a ranta.

Abokin aikinsa ya zo ta'aziyya, ya ja ni gefe. Ya ce lori ne ya tsaya a kambo, inda leburori ke kwana, masu bindiga suka sauko. Babbansu ya yi magana mai daɗi, ya ce duk wanda ba ya son zuwa yaƙi ya fito gefe a ga fuskarsa. Ba wanda ya so a ga fuskarsa, duk suka hau lorin. Shi abokin, zazzaɓi ne ya kwantar da shi a bukka, ta jikin zana ya kalla. Na roƙe shi ya maimaita a gaban Inna. Ya dubi mutanen da ke kan tabarmi, ya sa takalmansa. Ban sake ganinsa ba.

Wani babba na siyasa ma ya zo, da motoci da ƙamshin turare. Ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ya ce wa Inna, "Ya hajja, tilasta mana wannan yaƙin aka yi." Na tausaya masa. Tilas ɗin ya matsa masa har ya tura 'ya'yansa karatu Masar. Ashe masu motoci ake tilasta wa. Mai lauje, shi ne ke yin abin da ya ga dama.

Daga baya na je wurin wani lauya kusa da kasuwar hatsi ta Gadarif. Ba diyya nake nema ba. So nake mai ilimi ya zo gida ya ce wa Inna dole aka yi wa ɗanta. Ya ce sunan abin ikrahi a doka, kuma yana da sharuɗɗa.

"An ɗora masa bindiga a ka?"

"A kafaɗunsu take, ustaz."

"An ce za a kashe shi?"

"An ce ya fito gefe."

"To, 'yar'uwa, ai an ba shi zaɓi."

Ya ba ni shayi. Shayin ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Na koma na faɗa wa Inna labarin lorin da bakina. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ke yayarsa ce. Tun yana satar sukari kike rufa masa asiri."

Tana yi masa addu'a bayan kowace salla. Har yau ba ta ce ta yafe masa ba.