Matar da Ta Rubuta Takardun da Na Karanta

Ranar Talata, 14 ga Maris 1911, Allah ya yi wa Eulogia Sarría rasuwa a garinmu Bejucal. Shekara arba'in tana zare jijiyar ganyen taba a masana'antar sigari inda nake karanta wa ma'aikata jarida suna aiki. Mu tara muka raka ta kabari. Tara kacal!

Yaya Eulogia, ban manta ranar da kika miƙo mini takarda naɗe cikin ganyen taba ba, ana saura shekara guda a fara yaƙin neman 'yanci daga Sifen. Kika ce, "Kai Casimiro, muryar nan taka ta jaki yau dai ta yi rana. Cusa wannan cikin jarida ka karanta." Na hau dakalin karatu na karanta. Takardar ta tambaya: don me gwamnan Sifen zai zuƙi tabar da muka naɗe, mu kuwa ba mu da bakin magana a ƙasarmu? Masu naɗin sigari ba sa tafi, wuƙaƙensu suke bugawa a kan allo. Ranar sai da rufin ɗakin ya amsa.

Takarda goma sha bakwai kika rubuta, babu suna. Aka yi ta kwafa har suka kai hannun mayaƙa a daji. Mutum talatin daga ɗakinmu suka shiga yaƙin, har da ɗanki Nicasio, wanda bai dawo ba.

Da aka sami 'yanci, kwamitin gari ya kafa dutsen tunawa, ya sassaƙa sunana a matsayin marubucin takardun. Na je na faɗi gaskiya, shugabansu ya tuntsire da dariya: "Haba Malam Casimiro! Baƙar mace mai zare ganye? Ina ta ga alƙalami?" Shi kuwa mutumin da ya shafe yaƙin yana sayar wa sojan Sifen nama ne! Ni ma ban wanke kaina ba. Kika ce in bar su, ba don dutse kika rubuta ba, na fake da maganarki shekara tara ina amsa gaisuwar da ba tawa ba. Abin yana ci mini rai.

Jiya na ajiye jarida na faɗa wa ɗakin sunanki. Wuƙaƙe suka yi ta bugawa har mai masana'anta ya leƙo.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sada ki da Nicasio, ya ba 'yarki Brígida da jikokinki haƙuri. Ki yafe mini. Gobe da hantsi zan je wurin dutsen nan da guduma in farfashe sunana, in sun ga dama su kama ni.