Ranar da Na Gyara wa Kaka Karatu

Kakata ta wajen uwa mutuniyar Awe ce. Gishiri ta dafa tun tana budurwa, har hayaƙi ya cinye mata rabin gani. Da ƙafa ta ƙi, Baba ya ɗauko ta ta dawo gidanmu a Lafia, shekara biyu bayan an ba mu jiha. Ko a nan ba ta rabu da wuta ba. Ana idar da magariba za ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura doya cikin toka, mu da yaran maƙwabta mu kewaye ta.

Mijinta take kirana, yadda kakanni ke yi, ni kuma in ce na sake ta tunda ba ta da haƙori. Ta ce dama wa ke son miji mai majina. Na taso a kan cewa tsakanin jika da kaka babu maganar da ta yi nauyi.

Ina aji uku na zo na ɗaya, aka ba ni kyautar littafin Turanci mai hotuna. A bangonsa an zana tsohuwa riƙe da hannun yaro. Kaka ba ta san ko bihim ba, amma ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta kusantar da shi ga wuta.

"Af, ai na san su," in ji ta. "Ga ta nan ta taho da ƙafa ɗaya."

Haka take buɗe tatsuniya. Muka ce, "A ba ta wuri ta zauna."

Shafi ɗaya take buɗewa kowace yamma, yatsa a kan hoto. Wai tsohuwar za ta kai jikanta ya ga uwarsa a hayin kogi, da kwandon gishiri na tsaraba. Suka shiga ruwa, kwando a ka, yaro a baya. A tsakiya kogi ya ce sai an ba shi abin taɓawa. Ta ba shi gishirin, ya lashe, ya ce bai ƙoshi ba. Ta ba shi ɗankwali, ta ba shi sandarta, ruwa dai sai hawa yake har ya kai wuya. Hausar Kaka ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Sai kogi ya ce, tsohuwa, sauke abin da yake bayanka. Tsohuwa ya yi dariya, ya ce..."

Nan na tsoma baki, don ranar malaminmu ya karanta mini littafin kakaf.

"Kaka, ƙarya kike yi! Kamun kifi kawai suka je. Ke ai ba ki iya karatu ba."

Yara suka kwashe da dariya. Na gyara zama ina jiran ta rama, amma ba ta rama ba. Ta rufe littafin, ta hure tokar da ta hau bangon, ta miƙo mini da hannu biyu kamar tana gaban babba.

"Gaskiya ne, malam. Karanta mana."

Na karanta da Turancina mai tuntuɓe, babu wanda ya gane, doyar kuma ta ƙone.

Bayan nan takan yi mana tatsuniyar gizo, amma in na kawo littafin sai ta ce ido ba ya gani. Na san na yi laifi. Kullum sai in ce gobe zan ba ta haƙuri. Rani na shigowa ta matsa a kai ta Awe ta gaisa da 'yan'uwa, can ciwo ya kama ta, can aka binne ta.

Sai da na gama jami'a na tsinci littafin a ƙasan akwati, na ba Mama labarin. 

"Kana makaranta take ɗauko shi," in ji Mama, "ta zauna a rana inda ido zai gani, tana kallon hotunan tana magana ita kaɗai. Ta ce mini, 'Amsar da tsohuwa zai ba kogi, na mijina ne. Kwana uku ina dafa shi.'"

"Mece ce amsar, Mama?"

"Ba ta faɗa mini ba. Ta ce kai za ka fara ji."

Na yi kuka ranar, irin wanda ban yi ba a rasuwarta. A da ina ganin darasin bai wuce a girmama na gaba ba. Yanzu na gane ba littafin take karantawa ba, nata take haɗa mini, ta ari hotunan ne don ta ga a nan hankalina yake. Na san yadda labarin jikan wasu da ke cikin littafin ya ƙare. Abin da tawa kakar ta so gaya mini kuwa, saura magana ɗaya ta faɗa na rufe mata baki.